Wuƙar da Kaka Ta Ɗinke a Jakata

Har yau ba na barin 'yata ta fita makaranta sai na shafa jakarta. Ba buɗewa nake yi ba, shafawa nake, tun daga hannun jakar har gindinta, ina latsa shafin ciki da babban yatsa. Ta sha tambayata me nake nema, da Larabci, don ita Hausa ji kawai take yi, ba ta mayarwa. Nakan ce ba komai, wuce kada ki makara. Ita a ganinta uwarta ce dai da shegen sa ido.

A unguwar Ranuna na tashi, a birnin Manzon Allah, kudu da gari ta wajen masallacin Ƙuba. Babanmu ɗan ƙasa ne, kakanninsa suka zo hajji tun zamanin tafiyar ƙasa suka zauna. Direban bas ne, yana ɗaukar masu ihirami daga miƙatin Bi'ir Ali zuwa Makka. Umma kuwa daga ƙasar Damagaram aka kawo ta aure. Mahaifiyarta, wadda muke ce wa Kaka, ta biyo ta hajji tun ban yi wayo ba, aka gama hajji ta ce ita fa ta zo ke nan, a maƙabartar Baƙi'a za a binne ta. Babu iƙama, wato izinin zama, babu kowace irin takarda. Saboda haka ba ta fita sai lokacin da gari ya cika da baƙi, sannan ta shige tsakiyar mata a tafi Harami da ita. Duk gidan mun san wannan tun muna ƙanana, kuma an koya mana cewa in an tambaye mu a waje mu nawa ne a gida, ba a lissafa da Kaka.

Larabcinta bai wuce na salla ba, ba ta kuma damu ba. Ni take kira Balarabiyar ƙarya, ni kuma in ce mata tsohuwa mai ran ƙarfe. Tana da wata 'yar wuƙa da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, ƙotarta an naɗe da jan fata har ta yi baƙi don shan hannu. Da ita ta yi takabar kakanmu can gida, don a wurinsu mai takaba ba ta rabuwa da ƙarfe. Da haƙoranta suka ƙare sai wuƙar ta koma ta yankan goro. Kullum bayan la'asar za ka same ta a kan tabarma tana yanka shi siriri-siriri tana jefawa a baki.

Ina aji uku na makarantar tsakiya Baba ya rasu. Ya sauke alhazai yana dawowa da mota ba kowa, hatsari ya same shi a hanya. Ba na son tsawaita wannan. Abin da ya shafi labarin nan shi ne, Kaka ta miƙa wa Umma wuƙar ranar da ta shiga takaba, Umma ta ƙi karɓa. Ta ce, “Inna, a nan ba a yin wannan. Shirka suke ce masa.” Kaka ta ce to, ta mayar da abarta cikin gwangwanin goro.

Makarantar 'yan mata namiji ba ya shiga. Akwai wani dattijo mai gadi a bakin ƙofa, haris muke ce masa, yana da lasifika. In an tashi, duk wadda aka zo ɗauka sai ya kira sunanta haɗe da na ubanta, ta sa abaya ta fito. Makarantar ba ta da nisa da gida, yawanci da ƙafa nake tafiya tare da 'yan unguwa, amma duk ranar da Baba yake gari sai ya zo da kansa. Na fi kowa son jin an kira ni a lasifikar nan.

Bayan na koma makaranta daga zaman makoki sai na fara jin kiran. Ba bayan an tashi ba, a'a, ana tsakiyar darasin ƙarshe, rana ta take, ajin ya yi tsit ban da ƙarar na'urar sanyi. Sai in ji lasifika ta yi ɗan tarin nan da take yi in an kunna ta, sannan sunana da na Baba, sarai, sau biyu kamar yadda haris ya saba. Ranar farko na miƙe na tattara littattafaina na nufi ƙofa. Malama ta ce ina za ki? Na ce an zo ɗaukata. Ajin kowa ya zuba mini ido, don babu wadda ba ta san Baba ya rasu ba. Wallahi har yau in na tuna tsigar jikina tashi take yi. Daga baya na koyi riƙe gefen tebur in zauna, gumi yana bin bayana, har kiran ya wuce. Ba kullum ba ne, amma ba ya yin nisa bai dawo ba.

Umma ta kai ni asibiti aka ce damuwa ce, ta sa aka yi mini ruƙiya, ta saya mini zuma da habbatus-sauda. Kaka kuwa ta saurare ni har na gama, ta ce, “Ba ubanki ba ne. Wanda ya tafi ba ya dawowa kiran kowa. Wani abu ne ya ari muryar mai gadin, kuma tsakar rana lokacinsu ne. Ko an kira kada ki amsa.” Na ce kai tsohuwa, ke komai sai kin sa aljanu a ciki. Ta yi mini daƙuwa, muka bar maganar.

Ba a jima ba kiran ya daina. Ban san dalili ba, kuma ba zan ce na sani ba. Na dai lura a kwanakin nan Kaka ta koma yanka goronta da wuƙar albasa, har na tsokane ta na ce goro zai yi yaji. Ban kawo komai a raina ba.

A shekarar ne, farkon shekarun dubu biyu, sabuwar doka ta zo makarantu. An ce wani abu ne ya faru a wata makaranta, kowa da irin labarin da yake bayarwa, ni dai ban san gaskiyarsa ba. Shugabar makaranta ta tsaya a taron safe ta karanta mana ita. An hana duka, muka yi ta tafi har aka tsawatar mana. Da can in kin yi laifi, malama za ta ce miƙo hannu, ta zuba miki rula, ki hura tafinki ki zauna, magana ta ƙare. Yanzu an kasa laifuffuka mataki-mataki, kowane da hukuncinsa a rubuce: a rage makin ɗabi'a, a kira uwa, a dakatar, a kora. Can sama akwai waɗanda ba gargaɗi a cikinsu, ba alƙawarin ba zan sake ba, kuma shugaba ba ta da ikon kashe maganar a ofishinta, dole ta tura sama. Shigo da abu mai kaifi yana cikinsu. Na tuna wata a bayana ta raɗa cewa to allurar da ke cikin akwatin lissafi fa, muka yi ta ƙunshe dariya.

Ni kuma ina da baki, ban taɓa musu ba. Akwai wata yarinya a ajinmu da ta ɗora mini karan tsana. Tun da na miƙe a aji ran nan take kwaikwayon muryar haris in na wuce, ta kira sunana da na Baba, ƙawayenta su fashe da dariya. Wata rana a lokacin hutun cin abinci ta ƙara da yi mini gorin baƙar fata, ta kira ni Takaruniya mai aljanu. Na shaƙo wuyan rigarta na ce mata wallahi sai kin gani. Aka raba mu, aka kai mu ofis, aka rage mini maki, aka rubuta abin da na faɗa kalma da kalma. A tsohon tsari da rula biyu ta wanke mu duka.

Binciken jaka ba sabon abu ba ne a wurinmu. Lokaci-lokaci mataimakiyar shugaba takan faɗo aji ba sanarwa, a ce kowa ta koma jikin allo, a bi jakunkuna ana neman madubi da jan baki da kaset da hotuna. Ran nan ma haka aka yi, bai kai wata guda da faɗan ba. Ina tsaye hankalina kwance, don ni ko turare ba na zuwa da shi. Ta zazzage jakata ba ta ga komai ba. Har za ta ajiye sai ta tsaya, ta sake ɗagawa, ta latsa gindin. Ta aika aka kawo almakashi. A gaban kowa ta farke shafin, wani abu naɗe da tsumma ya faɗo a kan tebur. Tun kafin ta gama warwarewa na hango jan fatar nan.

Inna lillahi. Na dubi inda aka farke, ga ɗinkin Kaka, baƙin zare ninki biyu, ƙanana-ƙanana a jere, irin wanda take yi wa matashin kanmu. Yarinyar da muka yi faɗa ta ƙwalla ƙara ta ce ita na zo kashewa, ta zube tana kuka. Wasu suka matsa daga kusa da ni.

A ofis tambaya ɗaya ake juya mini: wa kika yi niyyar soka? Da a buɗe aka same ta cikin jaka, da na ce ta yankan lemo ce na manta. Amma wa yake ɗinke wuƙar lemo a cikin shafi? Ɗinkin shi ya zama shaidar ɓoyewa, ga kuma sai kin gani da na faɗa yana nan a rubuce. Na ƙi ambaton Kaka. Ba taurin kai ba ne, tunanin wata tsohuwa nake yi.

Wannan tsohuwa 'yar Chadi ce, tana zaune a wani bene a unguwar Sultana, mata suna zuwa wurinta karɓar rubutu da ɗan abin ratayawa na yara. Shekarar da ta gabata wani ya kai ƙararta cewa tana sihiri, aka zo aka tafi da ita da rana tsaka, da kayanta a cikin leda. Wasu sun ce an tsare ta, wasu sun ce an mayar da ita ƙasarsu. Ba mu sake ganinta ba. Ita da take da iƙama ma ke nan. Duk 'yar Hausawa a garin nan ta san wannan labari, kuma ta san abin da ake kiran ƙarfen da aka naɗe da tsumma aka ɗinke a ɓoye.

Aka dakatar da ni har kwamiti ya zauna, aka ce Umma ta zo. A lokacin ba ta daɗe da fita takaba ba. A hanya ban ce mata komai ba sai cewa an sami wuƙa a jakata. Da muka shiga ta ga abin a cikin farar leda a kan teburin shugaba, sai na ji numfashinta ya canja a ƙarƙashin niƙabi.

Akwai malama mai ba ɗalibai shawara, Abla muke ce mata kamar sauran malamai, mace mai kirki, ba zan ci amanarta ba. Ita ta ja mu ɗakinta ta rufe ƙofa, ta zuba wa Umma ruwa. Ta ce mini, “'Yata, na san halin da kika shiga bana. Ni ban yarda ke mai sukar mutum ba ce. Wannan ɗinkin ba na yarinya ba ne. In wani ne a gida ya yi miki wani aiki, ki faɗa. In haka ne ke aka zalunta, babu abin da zai same ki, gobe ki koma aji. Mu kuma mu miƙa maganar ga waɗanda abin ya shafa, su je su bincika.”

Da zuciya ɗaya ta faɗa, taimakona take son yi. Ga ƙofa an buɗe mini, kuma ina son makarantar nan kamar raina. Ni ce ta ɗaya a nahawu, na riga na gaya wa kowa malama zan zama. Amma waɗanda abin ya shafa in sun zo bincike gidanmu za su zo, kuma abin da za su fara tambaya shi ne takardar tsohuwar da ke kan tabarma.

Na ga Umma ta gyara zama ta buɗe baki. Na san abin da za ta ce, za ta ce ita ta ɗinka. Ƙannena uku a gida, ba uba, in aka tafi da ita fa? Na taka mata ƙafa da ƙarfi a ƙarƙashin abaya. Na ce, “Abla, ni na ɗinka. Na iya ɗinki. Tsoron yarinyar nan nake ji, shi ya sa.” Malamar ta daɗe tana kallona. Ta ce kin san abin da wannan maganar za ta jawo miki? Na ce na sani. Ta juya wurin Umma, Umma ta sunkuyar da kai. Har muka iso gida tana riƙe da hannuna tamau kamar ina ƙaramar yarinya.

Hukunci ya sauko daga sama. An hana ni sauran shekarar, sannan in an koma a mayar da ni wata makaranta, can ta wajen Bi'ir Ali. A takarda ba a rufe mini karatu ba. Amma wa zai kai ni? Mace ba ta tuƙi a lokacin, mai kai ni yana kabari, kawuna kuma ya ce shi da nasa 'ya'yan ma da ƙyar yake zagayawa. Waɗanda suka yanke hukuncin ba su taɓa ganina ba, balle su san wannan. Sai bayan na yi aure na ƙarasa karatun daga gida, malantar kuwa ba a yi ba.

Kaka muka ce mata makaranta ce ta ba ni hutu saboda jikina. Ta ce madalla, ashe suna da hankali. Jakar da aka dawo mini da ita a farke na cusa a bayan akwati. Kwanaki suka yi ta wucewa ina zaune a gida ina tsintar shinkafa, ina jin 'yan unguwa suna wucewa da safe. Sai wata rana Kaka ta ce in kawo mata jakata, akwai abin da za ta cire tunda ba zuwa nake yi ba. Na ce na ba wata aro. Ta dube ni ta ce, “Balarabiyar ƙarya, yau kuma ƙaryar ta Hausa ce.” Da kanta ta bi ɗakin da lalube har ta zaro ta. Ta sa yatsa a cikin farkewar, ta daɗe a haka. Sannan ta kira Umma ta ce ta dubi girman Allah da nonon da ta sha ta gaya mata gaskiya. Umma ba ta iya ba, ta faɗa mata duka.

Na zaci za ta yi kuka ko ta yi salati. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ninke jakar ta ajiye a gefenta. Ranar ba ta ci abinci ba, ba ta taɓa goro ba.

Washegari Umma ta kai autanmu asibiti. Ni na shagala da wanki a saman bene, na ɗauka Kaka tana ɗaki tana jan carbi. Sai da rana ta kusa tsaka na leƙa in tambaye ta ko za ta sha kunu, na ga tabarma ba kowa, takalmanta ba sa bakin ƙofa. Matar da ba ta taɓa taka titin unguwar nan ita kaɗai ba! Na figi abaya na fita ina gudu. Ban tsaya neman ta a maƙwabta ba, na san inda ta tafi. Daga baya ta gaya mini wai 'yan mata masu rigar makaranta ta bi a baya tun da safe, da suka shige ta zauna a gindin katanga tana jiran babbar makarantar ta fito.

Na iso ana dab da tashi. Motoci sun cika titi, iyaye da direbobi suna jira, ga motar 'yan sanda a tsallake tana kula da cunkoso. Kaka tana tsaye a bakin ƙofa cikin rana, abayar Umma tana jan ƙasa don ta yi mata tsawo, tana yi wa haris magana da Hausa da ƙarfi, shi kuma yana ta ɗaga hannu yana cewa Hajiya ki yi haƙuri, ban gane ba. Ya riga ya aika matarsa ciki, don ita ce mai kai saƙo. Ina isowa mataimakiyar shugaba ta zo ta tsaya a bayan ƙofar, an ɗan buɗe kaɗan. Ta gane ni. Ta ce wannan wace ce, me take so?

Kaka ta damƙe hannuna ta ce, “Yauwa, Allah ya kawo ki. Juya musu, kada ki rage ko ɗaya.” Ta fuskanci ƙofar. “Ni ce na sa wuƙar. Tawa ce, da ita na yi takaba. Ni na naɗe ta, ni na ɗinke da hannun nan, yarinya tana wanka ba ta sani ba. Wani abu ne yake kiranta da rana da sunan ubanta, na sa mata ƙarfe don ya rabu da ita. Ba ta taɓa yanka ko kaza ba. Ni ba ni da takarda, ban ɓoye ba, ga ni. In kamu ne a kama ni, in mayarwa ne a mayar da ni, Baƙi'ar na haƙura da ita. A bar marainiya ta yi karatunta.”

Duk wannan a bainar jama'a, motar 'yan sanda tana tsallaken titi. An fara fitowa, na ga 'yan unguwarmu biyu, 'ya'yan Hausawa, sun tsaya cak, sannan suka sunkuyar da kai suka wuce da sauri. Sun ji komai, kuma har yau ban ji inda ɗayarsu ta tayar da maganar ba. Allah ya saka musu.

Mataimakiyar ta ce me take cewa? Na ce, “Abla, kakata ce. Tana roƙo ne a yafe mini, wai ni marainiya ce.” Muryarta ta yi laushi. Ta ce in gaya mata su ma abin ya dame su, amma doka ce, ta fi ƙarfinsu, don tsaron 'ya'yan kowa aka yi ta. Na juya na ce, “Kaka, sun ce doka ce, ba a hannunsu take ba.”

“Kin gaya musu ni ce?”

“Na gaya musu.”

“Kin ce ba ni da takarda?”

“Na ce.”

“To ba su ji da kyau ba. Sake faɗa.”

Na sake juyawa na ce da Larabci tana roƙo a yafe mini. Mataimakiyar ta ce Allah ya ba da haƙuri, ta tura ƙofa. Haris ya kunna lasifikarsa ta yi ɗan tarin nan, ya fara kiran sunaye. Na ja Kaka muka ratsa tsakanin motoci, na sa ta a ɓangaren katanga ni ina ɓangaren titi, har muka wuce 'yan sandan. Tafiyar da nake yi cikin ɗan lokaci ranar sai da muka huta sau da yawa. A wani hutun ta ce, “Wane irin mutane ne waɗannan? Mai laifi ya kawo kansa, a ce ba a so, sai yarinya?” Na ce haka dokarsu take, Kaka. Ta ce ko wuƙar ma ba su ba ni ba.

Ba na zagin dokar. Ni ma yanzu uwa ce, ba na son a zauna kusa da 'yata da wuƙa a jaka, kuma na san akwai yaran da rula ta nakasa kafin a hana ta. Sai dai wanda ya rubuta ta gida biyu ya tanada wa wuƙar da aka ɗinke, ko ta mai niyyar suka ko ta mai sihiri. Bai san da tsohuwar da ke yanka goro ba. Abin da na faɗa a bakin ƙofar nan kuma, da za a mayar da ni can yau, shi zan sake faɗa.

Amma Kaka ba ta koma daidai ba. Ta daina tsokanata, ko na ce mata mai ran ƙarfe sai ta yi murmushi kawai. In ta gan ni zaune da hantsi sai ta kawar da kai. Jefi-jefi, muna cikin wata hira daban, sai ta ce, “Kin dai gaya musu ko?” In ce na gaya musu. Na sha ɗaukar niyyar faɗa mata gaskiya, sai in tuna ta riga ta san hanya, gobe za ta koma, wannan karon ta nemi wani ya juya mata. Shekara ta zagayo ta kwanta ciwo. Ranar da za ta cika, da hantsi, ta nemi gafarata, na ce ban riƙe ta da komai ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta lumshe ido har na ɗauka barci ne. Sannan ta sake yi mini tambayar, na sake ba ta amsar. Mazan unguwa suka yi ta faɗi-tashi har Allah ya sa aka binne ta inda take so.

Kiran Baba bai sake dawowa ba, ko da wuƙa ko babu. Yanzu nakan bi mota in je ɗaukar 'yata, mu tsaya a layi cikin rana ana jiran a tashi. Makarantarsu ma akwai haris da lasifika. Duk ranar da ya kunna ta ta yi tarin nan, kafin ya kira sunan farko, sai in ji tambayar da Hausa, a hankali, dab da kunnena. Kaka ta ce ko an kira kada in amsa. Ran nan 'yata ta buɗe mota ta shigo ta same ni ina cewa na gaya musu, Kaka, wallahi na gaya musu. Ta ce Mama, da wa kike magana? Na ce miƙo jakar in gani.